Sakan Goma Sha Shida

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Laraba, Madam Clara ta jawo durowar teburinta na ɗakin karatu ta ɗauko ambulan mai ruwan ƙasa. Tun kafin ta buɗe ta ji ba nauyi. Takardar mallakar filinta na Karu ba ta ciki. Ƙarfe goma lauya zai zo karɓa, don an riga an samu mai saye.

Ta kira 'yan sanda. Kafin sha ɗaya, Kubra, matar da ke zuwa daga sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro tana yi mata shara da wanki, tana zaune a kan benci a bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Sufeto Muhibba aka ba aikin. Oganta ya miƙo mata fayil ɗin ko kallonta bai yi ba.

"Wannan an gama shi," ya ce. "Akwai bidiyo. Ki sa ta dangwala hannu a bayaninta, gobe kotu."

Muhibba ta karanta bayanin a tsaye. Layi shida ne, rubutun wani kofur, kuma a layi na huɗu an ce mai laifi ta amsa. Ta sa aka kawo Kubra ofishinta.

Kubra za ta kai shekara arba'in. Siririya ce, silifas ɗin roba a ƙafarta, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malama Kubra, an karanta miki wannan takardar?"

"An karanta. Ba magana ta ba ce."

"An ce kin amsa."

"Na amsa na shiga ɗakin. Kowace Talata ina shiga, aikina ne. Ban amsa sata ba. Sun kawo tawada sau uku. Ko sun kawo sau ɗari, yatsana ba zai hau ta ba."

"Kin san abin da ke cikin durowar?"

"Ban iya karatu ba, Hajiya. Takardar fili da takardar ƙosai duk ɗaya ne a wurina."

"Faɗa mini yadda kika yi aikin jiya."

"Madam ta buɗe ɗakin kafin ta tafi asibiti gashin ƙashi. Na share, na goge tebur, na jawo ƙofar. Sai na bi koridon da mofa ina goge ƙasa, ina ja da baya har falo. Daga nan na fita baya wanki. Ban sake shiga ba."

"Wa kika bari a gidan?"

"Oga Kingsley, ɗan yayar Madam, yana falo. Baba Zacharias mai gadi yana get." Ta kalli Muhibba ido cikin ido. "Na baro Gwoza da zanen da ke jikina kawai. Shekara goma ina shiga gidajen mutane, ko cokali ba a taɓa nema a hannuna ba. Ku kai ni kotun. Can ma haka zan faɗa."

Muhibba ta cire bayanin daga fayil ta jefa a durowarta. Ta koma wajen oga ta ce tana son kwana ɗaya.

"Don me? Matar nan mai gidan tsohuwar darakta ce. Sau biyu an kira ni daga sama."

"Ban ga bidiyon da idona ba, yallaɓai. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba."

"In na ba wani fa?"

"Sai ya sa nasa hannun. Nawa dai ba zai hau ba."

Ya duba agogo. "Ƙarfe huɗu," ya ce. "Ba gobe ba. Yau."

Gidan yana cikin wani rukunin gidaje a hanyar filin jirgi, bene hawa ɗaya. Madam Clara ta tarbe ta a falo, tana dogara sanda. Kusa da ita wani mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, fes da shi, waya a hannu. Shi ne Kingsley, ɗan yayarta, wanda ke zaune a gidan tun da aikinsa ya ƙare a bara.

"Na riƙe matar nan kamar sista na," in ji Madam. "Ki zo ki gani da kanki."

Muhibba ta fara duba gidan. Daga falo akwai ƙofa ɗaya mai shiga ciki. Bayanta, hannun dama matattakalar bene ce, hannun hagu korido mai baƙin tayil, tsawonsa kamar taku goma, ɗakin karatu a ƙarshensa. Kyamarori uku ne: ɗaya a get, ɗaya a falo, ɗaya a korido. Babu a sama. Makullin ɗakin karatu yana jakar Madam kullum. Ranar Talata kaɗai take barin sa a buɗe, daga goma zuwa ɗaya. Ran Litinin ta ga takardar da idonta.

Kingsley ya kunna talabijin ya buɗe hotunan korido. Ga Kubra da bokiti a ƙofar ɗakin. Ga ta can tsakiyar korido. Ga korido ba kowa.

"Kin gani, Sufeto," ya ce. "Daga goma zuwa ɗaya, ita kaɗai. Kyamara ba ta ƙarya."

"Me ya sa take tsalle haka?"

"Wa?"

"Matar. Yanzu tana nan, yanzu tana can. Ban ga ta taka ba."

"Netwok ne. Haka yake yi wani lokaci."

"Nuna mini ta falo."

Ya nuna. Fanka na juyawa, labule na motsi, komai sumul kamar fim. Muhibba ta ce ya koma ta korido, ta matsa kusa ta zuba wa agogon da ke kusurwar hoton ido. Ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga sha shida sai talatin da biyu. Daga nan sai arba'in da takwas.

"Wa ya ɗaura muku kyamarorin?"

"Wani Meshach," in ji Madam. "Ɗan cocinmu ne."

"A kira shi."

Kafin ya iso ta sauka get. Baba Zacharias tsoho ne mai furfura, yana zaune a kan kujerar roba, rediyo a gefensa.

"Baba, jiya ka shiga cikin gida?"

"Ni ba na wuce baranda, ranki ya daɗe. Ki duba abin nan," ya nuna kyamarar da ke kansa. "Ko gyangyaɗi na yi tana gani."

"Ina wayarka?"

Ya zaro ƙaramar waya mai tocila, an ɗaure ta da kyauro.

"Ranar Lahadi wa ya tafi coci?"

"Madam kaɗai. Oga Kingsley ya ce zazzaɓi." Ya ɗan rage murya. "Matar nan da kuka ɗauka, ba ita ba ce. Ban san ko waye ba, amma ba ita ba ce."

Daga baya ta duba kyamarar get. Awa uku cur tsohon bai bar kujerarsa ba sai don buɗe wa Madam ƙofa. Ba baƙon da ya shigo.

Meshach ya iso a kan babur, rigarsa duk ƙurar siminti. Muhibba ta ja shi ɗan ɗakin da aka ajiye akwatin da ke adana hotunan, ta rufe ƙofa.

"Jiya da safe kana ina?"

"Idu. Muna ɗaura kyamara ashirin a wani sito. Tun bakwai har biyar. Ki kira manajan, ko ki je ki kalle ni a kyamarorin da na ɗaura."

"Kana da lambar sirrin gidan nan?"

"Ina da ita. Madam na da ita. Oga Kingsley ma, shi ya sa wa Madam manhajar a wayarta."

"Me ya sa hoton korido ke tsalle? An ce netwok ne."

Meshach ya yi ɗan tsaki. "Waya ce ta haɗa kyamara da akwatin nan, ina ruwanta da netwok?" Ya jawo linzamin akwatin ya shiga cikin setin. Sai ya tsaya. "Ba haka na bar ta ba."

"Yi mini bayani kamar ban san komai ba."

"Hajiya, bidiyo ba komai ba ne sai hotuna da yawa a jere. Kai ne za ka zaɓa wa kyamara hoto nawa za ta ɗauka a sakan ɗaya. In ka ba ta ashirin da biyar, komai zai fito sumul, amma ma'ajiyar za ta cika da wuri, ta fara goge na baya. In ka rage, za ta daɗe, amma abu zai iya wucewa ba ta kama ba. Ni get ina sa ashirin, saboda mota da lambarta. Cikin gida sha biyar ya isa. Sito da ba a cika shiga ba, shida ko takwas. Koridon nan sha biyar na sa."

"Yanzu nawa ne?"

"Mafi ƙanƙanta da akwatin ya yarda. Hoto ɗaya, sai ta jira sakan goma sha shida, sannan wani."

"Akwai dalilin da zai sa mai hankali ya yi haka?"

"In gini kake son kallo yana tashi a wata shida, e. Ba a gidan da mutane ke yawo ba."

"Za ka iya sanin ranar da aka canza?"

Ya buɗe rajistar akwatin, inda yake rubuta duk abin da aka taɓa. Ranar Lahadi ne, ƙarfe tara da minti goma na safe. Da waya aka yi, ta intanet ɗin gidan.

"Tara da minti goma muna tsakiyar waƙa," in ji Meshach. "Ni ke kaɗa jita. Madam tana layi na biyu."

Muhibba ta kira manajan sito a Idu, ya tabbatar. Sannan ta zauna ta bi hotunan korido ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta lokaci a littafinta. A hoton sha ɗaya da minti arba'in da biyu ta ce ya tsaya, ya ƙara girman ƙasan. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ya buɗe na falo a daidai wannan lokacin. Suka kalla sau uku.

Ƙarfe uku saura ta kira ofis ta ce a kawo Kubra. Kofur ya ce oga bai ba da izini ba. Ta ce ya gaya wa oga shaida ce take buƙata a wurin da abin ya faru, in kuma akwai tuhuma a rubuta da sunanta.

Wani kofur ya kawo ta. Madam Clara ta kawar da kai. Kubra ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa.

Muhibba ta sa Meshach ya saka hoton korido kai tsaye a talabijin, ta karɓi wayarsa, ta sa Madam ta buɗe makullin ɗakin karatu.

"Madam, ki kalli allon nan. Kada ki ɗauke ido. In kin gan ni ki yi magana."

Ta tsaya a ƙofar ciki tana kallon wayar. Da hoton ya sabunta, ta shige. Suna jin ƙarar takalminta a kan tayil, suna jin an buɗe ƙofa an rufe. Allon yana nuna korido wayam. Bayan kusan minti guda ta dawo, riƙe da hoton marigayi mijin Madam da ke kan teburin ɗakin karatu. Ta ajiye a gabanta.

"Kin gan ni?"

Madam ta girgiza kai a hankali.

"Kyamarar tana buɗe ido sau ɗaya, ta rufe na sakan goma sha shida. Koridon taku goma ne, sakan bakwai ya ishe ni. Abin da nake buƙata kawai shi ne in san lokacin da ta ƙifta, kuma wayar nan tana nuna mini. Meshach, hoton farko."

Hoton jiya ya fito. Korido ba kowa, tayil jiƙe yana sheƙi.

"Sha ɗaya da arba'in da biyu da sakan sha shida. Malama Kubra ta gama gugarta ta fita. Ƙasa fes. Na gaba."

Korido ba kowa. Amma a kan sheƙin akwai sawu, ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar ɗakin karatu.

"Sakan goma sha shida tsakani. Ba mutum, amma ga sawunsa. Takalmi ne mai dunduniya, ba silifas ba. Hotuna biyu na gaba haka suke. A na biyar sawun ya zama layi biyu, tafiya da dawowa." Ta juya. "Malam Kingsley, ina kake a lokacin?"

"Na hau sama. Na je ɗauko caja."

"Bari mu gani."

Meshach ya saka na falo. Ga Kingsley tsaye a ƙofar ciki, ido a kan waya, ba ya motsi, kusan minti ɗaya. Sai ya zabura ya shige.

"Sakan sha bakwai," in ji Muhibba. "Sakan ɗaya bayan kyamarar korido ta ƙifta. Ka dawo bayan sakan hamsin da biyar. Ina cajar?"

A hoton hannunsa na dama waya ce, na hagu yana dafe da cikin rigarsa.

"Ban same ta ba."

"Ɗakinka yana ƙarshen bene. Na gwada ɗazu. Hawa da sauka kaɗai, ba neman komai, minti ɗaya da rabi."

"Wannan ba hujja ba ce. Kowa zai iya taka ƙasa."

"Wane kowa? Baba Zacharias bai bar get ba, kuma wayarsa ba ta hawa intanet. Meshach yana Idu. An canza setin ranar Lahadi ƙarfe tara da minti goma, daga cikin gidan nan. Madam da Meshach suna coci. Malama Kubra ba ta zuwa ran Lahadi, ba ta kuma san lambar ba. Kai kaɗai ne a gida, kana zazzaɓi." Ta rufe littafinta. "Ta falo ba ka taɓa ba, don ita Madam ke kallo a wayarta kullum, za ta lura. Kuma ba ka shiga kafin Kubra ba. Ka jira ta shiga ta fito, don kyamara ta kama fuskarta. Tana da awa guda a wurin, dole hoto ya same ta. Kai minti ɗaya kake buƙata. Abin da ba ka jira ba shi ne ƙasa ta bushe."

Madam ta juya ta kalli ɗan yayarta.

"Kingsley," in ji Madam. "Ina takardar?"

Ya ajiye wayar a kan tebur. Da ya ɗago, ba kunya a fuskarsa.

"Filin kakana ne, Anti. Mamana tana da rabo a ciki kamar ke. Kika je kika yi takarda da sunanki ke kaɗai tana kwance a asibiti. Yanzu za ki sayar ko shawara babu. Ban saci komai ba. Na hana ki ne."

"Wannan maganar kotu ce, akwai inda ake kai ta," in ji Muhibba. "Ina takardar?"

"Tana but ɗin motata. Ƙarƙashin safayar taya."

Kofur ya fita da shi. Suka dawo da takardar a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Sai a lokacin Kubra ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Oga Kingsley, filin kakanka ne, na ji. Ni kakana bai san Karu ba. Me ya sa ni?"

Ya kawar da kai.

"Ni nake wanke maka wannan rigar," ta ce. "Ka duba, ka ga wadda ba ta da kowa a garin nan. Haka ne?"

Ya kalli ƙasa. Kofur ya riƙe hannunsa suka fita.

Madam Clara ta zauna dafe da sandarta. Ta tambayi Meshach ko zai mayar da kyamarar yadda take. Ya ce ya riga ya mayar sha biyar, ya canza lambar sirri, kuma ta riƙa duba agogon kowace kyamara lokaci-lokaci, in ta ga yana tsalle ta kira shi. Ta gyaɗa kai. Sannan ta juya wajen Kubra.

"Ki yi haƙuri. An ruɗe ni ne. Ki dawo aikinki gobe, mu manta."

"Ba zan dawo ba, Madam."

"Kubra…"

"Da safe ina bayan kanta, wata 'yar sansaninmu ta zo ta gaya mini kin sa hotona a wayar mutanen unguwar nan. Kin rubuta ɓarauniya. Mata huɗu aka mayar daga get yau, an ce ba a son 'yan Kuchigoro."

Muhibba ta kalli Madam. Madam ba ta musa ba.

"Zan goge," ta ce.

"Kada ki goge. Wanda ya gani ya gani. Ki rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba ni ba ce, ɗan gidanki ne. Da sunansa. Yadda kika sa nawa."

"Ɗan yayata ne. Ba zan iya…"

"To ba zan tafi ba. Zan zauna a bakin get ɗinki, duk wanda ya wuce in gaya masa da bakina. Ina da lokaci. Ba ni da aiki yanzu."

Madam ta dubi Muhibba kamar mai neman ceto.

"Ba laifi ba ne mutum ya zauna a bakin titi," in ji Muhibba. "Sa hoton mutum a kira shi ɓarawo kuwa, akwai dokarsa. In ta so shigar da ƙara, ni zan karɓa."

Madam ta ɗauko wayarta. Ta daɗe tana rubutu. Da ta gama ta miƙo.

"Ban iya karatu ba," in ji Kubra. "Hajiya, karanta mini. Da ƙarfi."

Muhibba ta karanta, kalma bayan kalma, ta fassara mata. Akwai sunan Kingsley. Akwai ban haƙuri ga matan Kuchigoro.

"A tura," in ji Kubra.

Aka tura. Ta jira har wayar ta fara ƙara, amsoshi na shigowa. Sannan ta gyara mayafinta.

Wayar Muhibba ta yi ƙara. Oga ne, ƙarfe huɗu ta yi. Ta gaya masa an samu takarda, an samu mai laifi, kuma ba wadda ke cikin fayil ba ce. Ya ce ta kawo rahoto. Ta ce za ta kawo, tare da sunan kofur ɗin da ya rubuta an amsa laifin da ba a amsa ba.

A waje ta buɗe wa Kubra ƙofar motar ofis.

"Shiga mu sauke ki."

"A'a, Hajiya. Sau biyu na shiga motar nan yau, ya isa. In matanmu suka gan ni a ciki za su ce beli aka ba ni."

Ta yi wa Baba Zacharias sallama, ta fita ta babbar ƙofa. A bakin titi ta ɗaga hannu ta tare keke napep.